Lambar yabon nan ta wa ce, mai kwantena ko mai daimon?

Mai Daimon: Salamu alaikum jama'ar gida. Na ga takardar da kwamitin ƙungiyarmu ta masu gilashi ya turo jiya da daddare ta sunayen waɗanda za a karrama a walimar ƙarshen shekara, sai da na karanta ta sau uku kafin na ce uffan don kar a ce na yi gaggawa. Mutum bakwai ne, huɗu diloli, ɗaya ɗan kwangila, biyu 'yan siyasa. Ban ga sunan Baba Mai Luba ba. Mutumin da ya koya wa kusan rabin masu yanka a layinmu riƙon daimon, wato abin da muke yanka gilashi da shi, ni kaina shi ya kama hannuna ya ce in ja sau ɗaya tak kar in maimaita layi, in saurari ƙarar, in ta yi siririya kamar ana yaga takarda to yankan ya yi. Yanzu idonsa ya tafi yana zaune a gida, shekara biyu ke nan bai fito kasuwa ba. Don Allah a faɗa min da wane ma'auni aka auna?

Sakatare: Wa alaikumus salam. Mai Daimon da ka kira ni a waya da ya fi, amma tunda ka kawo nan to a yi a nan. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne gudummawa ga ƙungiya a wannan shekarar. Wanda ya biya hayar ofis, wanda ya tsaya mana lokacin rigimar haraji, wanda ya ba yaranmu aiki a wuraren gini. Babu wanda ya raina Baba wallahi.

Mai Daimon: To ai sai a rubuta lambar godiya ga masu taimakon ƙungiya, ba wanda zai ce komai. Amma a jikin takardar an rubuta gwarazan sana'ar gilashi. Sana'a fa aka ce.

Baban Walid: Ni ina cikin dilolin da aka sa sunansu don haka bari in yi magana da bakina. Ban roƙa ba, ban ma san da zancen ba sai da na gani a nan. Amma kuma kar a mayar da mu kamar ba mu san zafin gilashi ba. Kwantena ta taso daga Legas ka kwana kana waya da direba, rami ɗaya a hanya ya isa ka buɗe kireti ka tarar da rabi ya tsage, babu wanda zai biya ka, ga dala tana hawa kullum, ga bashin da masu yanka suke ɗauka wani sai an yi wata uku ana bin sa. In babu mai kawowa me za a yanka? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maman Ilham: Alhaji gaskiyarka ne ta wannan ɓangaren, amma ni a matsayina na wadda take sayen madubi wajenku tana haɗa kayan ɗakin amare zan faɗi abin da na sani. Dila riba yake samu, kuma halal ɗinsa ce Allah ya ƙara. Shi kuwa wanda ya koyar da yara arba'in ko hamsin me ya samu? Akwai lokacin da aka yanka min madubin sif guda shida duk aka ɓata awon, na zauna a shagon ina kuka don biki saura kwana huɗu, Baba ne ya sa aka kwaso su ya zauna ya rage su ɗaya bayan ɗaya ya goge bakin da dutse, da na miƙa masa kuɗi ya ce in saya wa amarya turare. Yabon gwani ya zama dole.

Malamin Samaru: Jama'a ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don wannan gardamar ba a kanmu aka fara ta ba. Ni gilashi na karanta a ABU Zariya kuma duk wanda ya karanta tarihin sana'ar zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa.

Gilashin da kuke yankawa yau, mai santsi gaba da baya babu lanƙwasa, kafin shekarun 1950 ba haka ake samunsa da sauƙi ba, sai an zuba an daddanne an goge fuska biyun da injina, ga tsada ga asara. Wani injiniya a Ingila Alastair Pilkington shi ya kawo dabarar a zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza, irin kuzan da ake haƙowa a Jos, gilashin ya yi iyo a kai ya baje da kansa kamar yadda mai yake bajewa a kan ruwa. A 1952 tunanin ya zo masa, ba a sanar wa duniya ba sai 1959, shekara bakwai kamfanin da yake wa aiki yana zuba kuɗi, an daɗe ana fitar da gilashin da ba ya sayuwa. A 1970 Sarauniya ta ba shi sarautar Sir. To abin da nake so ku lura, a takardar mallakar fasahar akwai suna na biyu, Kenneth Bickerstaff, abokin aikinsa. Ku tambayi ɗaliban da suka karanta fannin ma, ƙalilan ne za su tuna shi. Balle ma'aikatan da suka kwana gaban tanderu mai zafin da ya kai digiri 1500.

Kuma Alhaji yana da hujja shi ma, don da masu kamfanin sun ce asarar ta isa haka a shekara ta huɗu da babu labarin.

Baban Walid: Yawwa Malam, Allah ya saka. Ka ji ko Mai Daimon.

Malamin Samaru: Tsaya Alhaji ban gama ba. Haka labarin kwalba yake a Amurka. Michael Owens yana ɗan shekara 10 ya shiga masana'antar gilashi yana aikin wuta, bai yi wani karatu mai zurfi ba, shi ya ƙirƙiro injin da yake busa kwalba da kansa a 1903. Kafin nan da baki ake busa yawancin kwalabe kuma ƙananan yara ne suke ɗawainiyar kai da kawowa a cikin zafin nan, injin ɗinsa ya taimaka wajen raba yara da wannan wahalar. Mai kuɗin da ya tsaya masa shi ne Edward Libbey. Amma da aka zo kafa kamfanin injin sunan Owens aka sa, babban kamfanin kwalaben nan Owens-Illinois da yanzu ake kira O-I Glass ma daga sunan yaron tanderun ya samo nasa. Wato mai kuɗin da kansa ya san wa ya kamata a sa a gaba.

Mai Daimon: Alhaji ka ji kai ma.

Auta: Assalamu alaikum iyayena, ni yaro ne a nan wata tara kawai na yi a shago, a yi min afuwa in na yi kuskure. Ni ban taɓa ganin Baban nan ba amma kullum ogana sai ya ambace shi, in na ɗauki gilashi a kwance ya ce Baba ya hana, a tsaye ake ɗauka a jingina da kafaɗa, in na manta ban tsoma daimon a kananzir ba ya ce da Baba ne da ka sha faɗa. To ni a tunanina mutumin da ake ambata kullum a shagon da bai taɓa shiga ba ai ya riga ya ci lambar, saura kawai a kai masa.

Maman Ilham: Allah ya yi maka albarka ɗana.

Sakatare: Ni fa ban ƙi ba. Matsalar da ba ku gani ita ce in aka sa Baba gobe wani zai ce ina nasa ogan, kowane layi akwai tsohonsa, na Ƙofar Ruwa daban na Sabon Gari daban, ga masu gilashin mota su ma suna da nasu dattawan. Kuma maganar gaskiya walimar nan kuɗi take ci, hol da abinci da allunan da za a bayar, waɗanda aka sa ɗin su ne suke ɗaukar nauyi. In an cire su wa zai biya?

Mai Daimon: To ka ga inda gizo yake saƙar. Kenan wanda ya biya shi ake ba. Sakatare ina ganin girmanka amma wannan ba karramawa ba ce, kuma yaran da muke koyarwa suna kallo, abin da za su ɗauka shi ne ƙwarewa ba ta da daraja sai aljihu. Shi ya sa yaro yana wata shida zai gudu ya buɗe nasa bai iya awo ba, ya je ya sa wa mutane mai milimita 3 a tagar bene inda ya kamata a sa 5 ko 6, iska ta taso ya zubo kan 'ya'yan mutane.

Bawan Allah daga Bida: Salam. Na daɗe a gurup ɗin nan ban taɓa magana ba, ni Banufe ne amma a Kano nake aikin alminiyam. Abin da ya sa na kasa shiru, kuna ta kawo Ingila da Amurka ga shi a gida muna da masu gilashi tun kafin Bature ya zo. A Bida akwai unguwar Masaga, sana'arsu ke nan gado da gado, awarwaro da duwatsun wuya na gilashi. Su a tarihin da suke bayarwa daga Masar kakanninsu suka taso suka biyo ta Borno har suka zauna a ƙasar Nufe. A da can da kansu suke dafa gilashin daga yashi da kanwa ya fito baƙi, suna ce masa bikini, daga baya da kwalabe suka yawaita sai aka koma fasa kwalba ana narkawa don ya fi sauƙi. In ka shiga ɗakin aikin za ka ga tanderun ƙasa a tsakiya, mutum ɗaya yana zuga, sauran sun kewaye kowa da sandar ƙarfe yana naɗo narkakken gilashi yana juyawa, zafi kamar me, kuma babu wani awo sai ido. Bajamushen nan Frobenius ya je ya gani tun wajen 1911, wani Bature Nadel ya rubuta su a littafinsa na ƙasar Nufe a 1942. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya na sana'ar hannu. Mun yi murna sosai. Amma ni abin da yake damuna in na je gida, waɗanda suke zaune gaban wutar yawanci masu furfura ne, samarin sun tafi acaɓa da sayar da waya, awarwaron roba na waje ya cika kasuwa da araha. Sunan gari ya tafi duniya amma mutumin da ya ƙone yatsunsa bai ga canji a tukunyarsa ba.

Malamin Samaru: Allah ya biya ka ɗan'uwa, wannan ita ce maganar. Kuma ka tuna min da Ile-Ife. Shekaru da yawa Turawa suna rubuta cewa duk gilashin da aka tono a Afirka ta Yamma shigo da shi aka yi, mu iyakarmu mu narka na wasu. Sai wani ɗan Najeriya masanin tono kayan tarihi Abidemi Babatunde Babalola ya yi haƙa a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, ya samo duwatsun ado na gilashi sama da 12,000 da fasassun tukwanen narka gilashi, aka gwada a ɗakin bincike aka ga haɗinsu daban yake da na ko'ina, alminiyam da farar ƙasa sun yi yawa a ciki, wato da kayan wurin aka dafa shi, tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 15. Waɗanda suka yi wannan aikin ko sunan mutum ɗaya ba mu da shi. Sun tafi da sunayensu don babu wanda ya rubuta.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma nan Gana akwai mutanen Krobo, su daka kwalba suke yi ta zama gari su zuba a 'yan ramukan yumɓu su soka tsinken rogo a tsakiya su gasa, tsinken ya ƙone ya bar huda, ya zama dutsen wuya. Ran Alhamis in ka je kasuwar duwatsu ta Koforidua za ka sha mamaki, kuma 'yan Zango da yawa suna cikin fataucin nan tun kakanni. Abin da na lura da shi su nasu ya rayu ne saboda ana saye, 'yan mata suna sawa a bikin al'adarsu, baƙi suna zuwa har gida su koya su biya. Ni a ganina babbar karramawa ga mai sana'a ita ce a sayi kayansa da daraja a daina yi masa tayin wulaƙanci.

Baban Walid: Duk na ji. Amma bari in tambaya tsakani da Allah, Baba in an kai masa allon katako da rubutu me zai yi da shi, mutumin da ba ya gani? Ba gara a haɗa masa kuɗi a kai shi asibitin ido ba a bar maganar lamba?

Maman Ilham: Alhaji a yi duka biyun mana. Ku maza kuna ɗauka kuɗi ne kawai. Ni na san gidan, matarsa ƙawar yayata ce, ba abin da yake tambaya irin wa ya zo, wa ya tambaye ni. Mutumin da ya saba shagonsa cike da yara yanzu sai ya wuni bai ji sallamar kowa ba. A tara jama'a a kira sunansa a gaban 'ya'yansa da jikokinsa a ce wannan shi ya koya mana, ko bai gani ba ai kunnensa yana ji.

Ustaz: Bismillah. Hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, don haka asalin abin da kwamiti yake son yi alheri ne, kar mu zage su. Diloli a gode musu, malaman sana'a a gode musu, kowa da irin tasa. Sai dai a kira kowane abu da sunansa don kar ya zama shaidar zur, ka ce wane gwarzon sana'a ne alhali bai san ta ba. Kuma ku masu gilashi ku san sana'arku tana da daraja, Allah ya ambaci gilashi a Suratun Nur aya ta 35 inda ya buga misalin haskensa da fitila a cikin zujaja, wato gilashi, ya kuma ambaci fadar Annabi Sulaiman a Suratun Namli wadda aka daɓe da gilashi har sarauniyar Saba'u ta zaci ruwa ne ta ɗage tufafinta. A Andalus ma akwai Abbas ibn Firnas a Ƙurɗuba a ƙarni na 9, mutane sun fi saninsa da yunƙurin tashi sama amma malaman tarihi sun ambace shi da sarrafa gilashi daga dutse, yau akwai gada a birnin da sunansa.

Sakatare: Ustaz na karɓi gyara a kan kalmar gwarzo. Amma har yanzu ba a amsa min ba, wa zai zaɓa, kuma da wane ma'auni, don kar baɗi mu dawo nan ana zargin son kai.

Malamin Samaru: Akwai hanyoyi da aka gwada. A ƙasashen waje akwai lambar da ake kira Phoenix, tun 1971 ake ba da ita duk shekara ga mutum ɗaya da ake ganin ya fi yi wa sana'ar gilashi hidima, kuma abin sha'awa waɗanda suke zaɓen su ne kamfanonin da suke sayar wa masana'antun kayan aiki. Wato masu kuɗin suna biya suna shirya taron amma wani suke ɗagawa, ba kansu ba. Diloli namu za su iya yin haka, su ɗauki nauyi a rubuta sunansu a matsayin masu ɗaukar nauyi, wannan ma girma ne, sannan masu yanka su kaɗa ƙuri'a.

Sannan ina roƙon kar a jinkirta, ga dalilina. Wannan saƙon da nake rubutawa ta cikin zaren gilashi zai bi ya iso wayoyinku, waɗannan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku gilashi ne siriri kamar gashi. Charles Kao ɗan asalin Sin shi da abokin aikinsa George Hockham suka nuna a 1966 cewa in aka tace gilashi daga ƙazantar ƙarfen da ke cikinsa haske zai iya tafiya mai nisa ya ɗauki saƙo, a 1970 mutum uku a kamfanin Corning, Maurer da Keck da Schultz, suka ƙera zaren da ya tabbatar da haka. Ba a ba Kao lambar Nobel ba sai 2009, shekara 43 bayan aikin. Lokacin cutar mantuwa ta riga ta kama shi, matarsa ce ta tsaya ta karanta jawabin a madadinsa. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Baba yau yana cikin hankalinsa yana gane muryar kowa, ba mu san baɗi ba.

Mai Daimon: Innalillahi. Malam ka taɓa min zuciya wallahi.

Auta: Malam don Allah tambaya, ƙarfen da ka ce yana cikin gilashi shi ne yake sa bakinsa ya yi kore in an kalle shi ta gefe?

Malamin Samaru: Shi ne Auta, ƙarfen da ke cikin yashin ne, shi ya sa mai kauri ya fi nuna koren. Ka iya lura, ka riƙe wannan halin.

Bawan Allah daga Bida: Ni shawarata a haɗa da rubutawa. Allo zai yi ƙura a bango. A samu yaro mai waya mai kyau a zauna da Baba a ɗauki muryarsa, wa ya koya masa, yaushe gilashin luba ya shigo Kano, da me ake yanka kafin daimon na yanzu, yaya ake cire da'ira ba tare da ta fashe ba, sunayen yaran da ya yaye. Mu a Masaga da an yi haka da kakanninmu da ba a sha wahalar neman yadda ake dafa bikini ba bayan an daɗe da barinsa. Da tsohuwar zuma ake magani amma sai in an adana ta.

Baban Walid: Akwai abin da ban faɗa ba tun ɗazu. Ni ma kafin in fara kawo kaya yaron shago ne, kuma tabon da ke hannuna na hagu a shagon Baba na same shi, gilashi ya zame min ya yanke jijiya, shi ya yage rawaninsa ya ɗaure ya ɗauke ni a Vespa zuwa asibiti ya zauna har aka gama ɗinki. Na yi shekara ban je na gaishe shi ba, kunya ce ta sa na tsaya kare kaina a nan. Sakatare ka cire sunana ka sa nasa. Kuɗin da na yi alkawari na walima yana nan ban janye ba, kuma kuɗin ganin likitan ido a kaina.

Maman Ilham: Allahu akbar. Alhaji Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi.

Mai Daimon: Alhaji ka yafe min in na yi maka zafi, ban san wannan ba.

Baban Walid: Ba komai ƙanena, gaskiya ka faɗa.

Sakatare: To alhamdulillah, amma ni kaɗai ba zan iya canza takarda ba sai kwamiti ya zauna, kuma sauran mutum shidan an riga an kai musu wasiƙa, ba za a je a ce musu an fasa ba, wannan cin fuska ne. Abin da zan kai gaban shugaba shi ne a raba gida biyu, lambar godiya ga masu taimako, lambar gwanin sana'a ga malamai, ta biyun masu yanka ne za su zaɓa. Sai dai ina nan a kan bakana cewa rigima tana gaba, don masu gilashin mota sun riga sun kira ni tun da aka fara wannan maganar.

Ɗan Zango: Su ma a ba su nasu mana, ai aikinsu daban ne. Wanda ya iya cire gilashin gaba na mota ya mayar ruwa bai shiga ba gwani ne.

Mai Daimon: Ni ban ƙi a ba kowa ba, in dai hannu aka duba. Amma ina da sharaɗi ɗaya da nake so a rubuta, duk wanda za a ba lambar gwani sai an ƙirga yaran da ya yaye waɗanda suke cin abinci da sana'ar yau. Don akwai gwanayen da suka iya aiki amma in za su yi yanka mai wuya sai su aiki yaro sayen ruwa don kar ya gani. Irin waɗannan ko sun fi kowa iyawa ni ba zan ɗaga musu hannu ba.

Malamin Samaru: Wannan sharaɗin zai jawo gardama amma ina bayansa. Mutanen tsibirin Murano a Italiya an ɗaukaka su sosai, tun 1291 aka tattara masu gilashin birnin Banis (Venice) a tsibirin, har 'yar mai gilashi tana iya auren ɗan sarauta, amma an hana su fita da sirrin, wanda ya gudu ana bin sa. Duk da haka Faransa ta zare wasu a shekarun 1660 ta koyi yin madubi, kasuwar ta kuɓuce musu. Ɓoyon bai tsare komai ba.

Ustaz: A dai yi adalci wajen ƙirgar, wani bai yaye da yawa ba don shagonsa ƙarami ne ba don rowa ba.

Maman Ilham: Kuma don Allah in za a je gidan a sanar da iyalinsa da wuri, kar a faɗo musu da mutum talatin babu shiri. Ni zan kira matar yau in sha Allah, zan kuma kawo lemo da ruwa.

Sakatare: Kwamiti zai zauna Laraba bayan la'asar. Ziyara kuma ba sai an jira kwamiti ba.

Baban Walid: Juma'a bayan an sauko masallaci, a haɗu a ƙofar shagona, motata tana ɗaukar mutum shida, Mai Daimon ka zo da taka.

Auta: Oga Mai Daimon don Allah a roƙa min ogana ya bar ni in bi ku, wayata tana ɗaukar murya sosai kuma zan cika caji. Ina so in tambaye shi yadda ake cire da'irar nan, sau huɗu ina gwadawa a kan gutsattsari tana fashewa ta gefe ɗaya.

Mai Daimon: Zan kira shi yanzu. Ka taho da daimon ɗinka da gutsure biyu masu milimita 4, Baba ko bai gani ba in ya ji ƙarar jan zai gaya maka inda hannunka yake yin nauyi.